Ƙamus ɗin Oxford na masu koyon Turanci: mun auna shi da aikatau "dub"

Hanya mafi sauƙi ta gane ingancin ƙamus ita ce a ɗauki kalma guda mai wuyar sha'ani a bi ta daga farkon bayaninta har ƙarshe, sannan a ga ko mutum zai iya gina jimla da ita bayan ya rufe shafin. Abin da muka yi ke nan da Oxford Advanced Learner's Dictionary, wanda ake buɗewa kyauta a shafin Oxford Learner's Dictionaries na intanet. Kalmar da muka zaɓa ita ce "dub", aikatau ɗin da 'yan jaridar Turanci ke amfani da shi idan ana maganar laƙaba wa mutum ko wani abu suna. Mun zaɓe ta ne saboda gajera ce, ma'anarta ba ta da wuyar riƙewa, amma duk da haka masu rubutu da Turanci suna yawan yin tuntuɓe da ita, kuma kusan kullum a wuri ɗaya suke faɗuwa. Daga nan muka leƙa 'yan uwanta, "call" da "name" da sauransu, domin ba a iya sanin matsayin ɗaya sai an jera ta da sauran.

Ƙamus ɗin yana da tarihin da ya shafi wannan gwaji kai tsaye. A. S. Hornby, malamin Turanci ɗan Ingila da ya koyar a Japan tun shekarun 1920, shi ne ya assasa shi tare da abokan aikinsa biyu. An fara buga shi a Tokyo a 1942, madaba'ar Jami'ar Oxford ta fitar da shi a 1948, bugu na goma kuma ya fito a 2020. Abin da Hornby ya lura da shi a aji shi ne ɗalibi kan san ma'anar aikatau sarai amma ya kasa sanin abin da ke biyo bayansa a jimla. Saboda haka ya mayar da tsarin ginin jimla ginshiƙin ƙamus ɗinsa. Wannan gado yana nan har yau, kuma shi ne babban dalilin da zai sa ka buɗe wannan ƙamus maimakon wani.

Da ka rubuta "dub" a gurbin nema, abin da za ka fara gani shi ne furuci iri biyu, na Birtaniya da na Amurka, kowanne da maɓallin sauraro. Ka danna, kada ka tsallake. Mai karatun Hausa idan ya ga harafin u zai furta shi kamar na "dubu", alhali wasalin da ke cikin kalmar ya fi kusa da gajeren a ɗinmu, irin wanda ke cikin "cup" da "love". Kusan "dab" ake cewa. Ƙarƙashin furucin akwai akwatin siffofin aikatau da sai an danna yake buɗewa, kuma a nan ne ake ganin "dubs", "dubbed", "dubbing". Abu biyu ne a lura da su. Na farko, ana ninka harafin b, domin kalmar gaɓa ɗaya ce mai gajeren wasali da baƙi guda a ƙarshe, kamar yadda "rub" ke komawa "rubbed". Wanda ya rubuta "dubed" ya yi kuskure a Ingila da Amurka baki ɗaya. Na biyu, "dubbed" gaɓa ɗaya ce a baki, b da d suna manne ba wasali a tsakaninsu. Masu cewa "dabed" da gaɓa biyu suna karanta rubutu ne, ba sa bin furuci. Ƙamus ɗin ya sa sauti a kan kowace siffa, kuma wannan ƙaramin abu yana da amfani fiye da yadda ake zato, domin siffar da ta shuɗe ita ce za ka fi haɗuwa da ita.

Akwai kuma alamar mataki. Oxford na sa wa kalmomi alama daga A1 zuwa C1 bisa ma'aunin Turai na ƙwarewar harshe. "Call" da "name" suna A1, wato kalmomin makon farko na koyo. "Dub" tana C1, cikin jerin da suke kira Oxford 5000. Wannan alama tana gaya maka cewa kalma ce ta mai karanta jarida da mujalla, wadda za ka iya yin hira ta shekara guda da Turanci ba ka buƙace ta ba.

Sai zuciyar shafin, wato layin da aka rubuta da baƙi mai kauri kafin ma'ana. A ma'ana ta farko layin yana cewa "dub somebody + noun". Mutane da yawa idonsu na tsallake wannan layi ya faɗa kan ma'ana, kuma a nan asarar take. Abin da layin ke nufi shi ne: aikatau, sai wanda aka laƙaba wa sunan, sai sunan da kansa, ba komai a tsakani. "The papers dubbed her the Iron Lady." Babu "as", babu "with", babu "by the name". Idan da akwai wata ƙaramar kalma da ake buƙata, da an rubuta ta a layin, kamar yadda aka rubuta "into" a ma'ana ta biyu ta wannan shafi.

Dalilin da ya sa wannan ke ba mu wahala a bayyane yake. A Hausa muna cewa ana kiransa da kaza, an yi masa laƙabi da kaza. Wannan "da" ta zauna mana a harshe, idan muka juya zuwa Turanci sai hannu ya nemi abin da zai cike gurbinta, sai "as" ta faɗo. Daga nan ake samun "he was dubbed as the king of the road" da "they called him as a thief". Ta farkon za ka gan ta a wasu jaridu, domin ta yaɗu, amma editan da ya san aikinsa zai goge "as" ɗin, kuma mai duba jarrabawa zai iya ja mata layi. Ta biyun kuwa kuskure ce tsantsa, ba mai kare ta. Oxford bai tsaya yi maka wa'azi a kan wannan ba. Ya ba ka tsarin da yake daidai ya bar ka ka gane cewa abin da ba a rubuta ba, ba a sa shi. Ga wanda ya koyi karanta layin, wannan ya wadatar. Ga wanda bai koya ba, gargaɗi ƙarara da ya fi, kuma muna ganin shafi irin na "dub" ya cancanci a ƙara masa layi guda na jan kunne.

Ma'anar da aka bayar gajera ce, da kalmomi masu sauƙi, domin Oxford na rubuta bayanansa da jerin kalmomi 3000 da ya ware. Taƙaitawarta ita ce ba wa mutum ko abu wani suna na musamman, sau da yawa cikin raha ko suka. Wannan ƙarin na raha ko suka shi ne ya fi kome daraja a bayanin, saboda shi ne ya raba "dub" da "name". Misalai biyu daga tarihi za su nuna abin.

A watan Janairun 1976 Margaret Thatcher, tana jagorar 'yan adawa a Birtaniya, ta yi jawabi mai zafi a kan Tarayyar Sobiyet. Jaridar rundunar sojan Sobiyet ta mayar da martani ta kira ta mace mai baƙin ƙarfe, abin da ya shiga Turanci a matsayin "the Iron Lady". Ba iyayenta suka raɗa mata ba, ba a takardar haihuwa yake ba, ba ita ta zaɓa ba, kuma waɗanda suka faɗa ba yabo suka nufa ba. Wannan shi ne filin "dub" daidai. Cewa daga baya ta rungumi sunan ta yi ado da shi bai canja aikatau ɗin da ya dace ba. Misali na biyu jirgin sama ne na katako da Howard Hughes ya ƙera a Amurka, wanda ya tashi sau ɗaya tak a 1947. Sunansa na hukuma H-4 Hercules. Masu yi masa ba'a suka laƙaba masa "the Spruce Goose", wato dinyar katako, Hughes kuwa ya tsani sunan, ga shi ma yawancin katakon ba na itacen "spruce" da aka ambata a sunan ba ne. A jimla ɗaya za ka iya ganin aikin kalmomin biyu: "The aircraft was named the Hercules, but critics dubbed it the Spruce Goose." Sunan farko mai abu ne ya bayar, na biyu mutanen waje ne suka manna. Wanda ya musanya aikatau biyun a wannan jimla ya juya labarin kansa.

Daga wannan za ka fahimci abin da ya sa "We dubbed our daughter Maryam" ke yi wa mai Turanci banbaraƙwai a kunne. Nahawun jimlar lafiya lau yake, ya bi layin Oxford sak. Amma sunan yanka ba laƙabi ba ne, "named" ko "called" ake buƙata. Haka nan ba a cewa kamfani ya yi "dub" ɗin kansa a takardar rajista. Sunan da ke biyo bayan "dub" kusan kullum yana siffanta abin ne, yana ɗauke da ra'ayin masu faɗa, shi ya sa ake yawan sa shi cikin alamar zance, kuma yakan fara da "the".

A nan ne muka ga iyakar Oxford, kuma iyaka ce ta gaske. Layin tsarin ya nuna aikatau ɗin a jimla mai ambaton wanda ya yi aikin: wane ya laƙaba wa wane kaza. Amma a rubutun yau da kullum "dub" ta fi zuwa a jimlar da ba ta damu da mai aikin ba, irin tamu ta "an laƙaba masa". Za ka ga "The crash of 19 October 1987 was dubbed Black Monday", ko kuma a gutsure tsakanin waƙafi biyu: "The particle, dubbed the God particle, was found in 2012." Wannan siffa ta biyu ita ce abincin 'yan jarida, domin tana cusa laƙabi cikin jimla da kalma ɗaya ba tare da an tsaya bayanin wanda ya fara faɗa ba. Idan ana son ambaton masu faɗar sai a kawo "by": "dubbed Black Monday by the press". Ɗalibin da ya dogara da layin Oxford kaɗai zai rubuta jimla daidai, amma ba zai ji a jikinsa cewa wannan siffa ce ta fi yawa ba.

Ƙamus biyu sun fi shi a wannan gaɓa. Collins COBUILD, wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham aka fara buga shi a 1987, yana rubuta ma'ana da cikakkiyar jimla, kuma a kan "dub" jimlar tasa ta zo ne da siffar "an laƙaba", ta yadda kana karanta ma'ana kana ganin yadda ake amfani da ita. Ya kuma sa mata alamar cewa kalmar aikin jarida ce. Wannan alama guda ta amsa tambayar da ɗalibi ya fi buƙata: a ina zan sa ta? A rahoto da sharhi da kanun labari, e. A wasiƙar neman aiki, ko yarjejeniya, ko takardar bincike inda ake bayyana ma'anar kalmar fasaha, a'a. Longman, wanda ya fara fitowa a 1978, shi ma yana nuna cewa yawanci a siffar "an" take zuwa. Don haka idan tambayarka ita ce me ke biyo bayan kalmar, Oxford ya fi saurin ba da amsa. Idan tambayarka ita ce su wa ke faɗarta kuma a wane irin rubutu, ka buɗe Collins a gefe.

Ma'ana ta biyu a shafin ta fim ce: a cire muryoyin asali a sa wasu da wani harshe. Tsarinta daban ne, "dub something (into something)", kamar "The series was dubbed into Arabic." Ga "into" nan a rubuce, a cikin baka, saboda ana buƙatarta idan za a ambaci harshen. Ta uku ta kiɗa ce, haɗa sautuka daga ɗauka daban-daban. Ɗalibi zai iya ɗauka cewa ma'anoni ukun reshe ne na bishiya guda, ya shiga wahalar neman abin da ya haɗa laƙabi da fassarar fim. Babu abin da ya haɗa su, kuma akwatin asalin kalma da ke ƙasan shafin ya warware wannan, sai dai a rufe yake, sai an danna. Muna ba da shawara a riƙa dannawa.

"Dub" ta laƙabi tsohuwa ce ƙwarai. Ta shigo Turanci daga tsohon Faransanci, daga aikatau mai nufin ɗaura wa mutum kayan yaƙi, ma'anarta ta farko kuma ita ce naɗa mutum barde. Tarihin Ingila da aka rubuta da tsohon Turanci ya yi amfani da ita inda yake ba da labarin yadda Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi, ya naɗa ɗansa Henry barde a Westminster a 1086. Har yau a Birtaniya idan sarki zai ba mutum wannan muƙami yakan taɓa kafaɗunsa da takobi, kuma "dub" ake ce wa aikin. Daga naɗa muƙami ma'anar ta zame zuwa ba da laƙabi, kuma tsarin jimlar bai canja ba: a da mutum sai muƙami, yanzu mutum sai laƙabi, ba "as" a ko ɗaya. Wanda ya riƙe wannan tarihi zai daina mantuwa da tsarin. "Dub" ta fim kuwa yarinya ce, ta shekarun 1920, gutsuren kalmar "double" ce, ta zo ne tare da fim mai magana. Kalmomi biyu ne da suka yi kama a rubutu. Merriam-Webster na Amurka ya raba su gida-gida, kowacce da shigarta, ya kuma fara da ma'anar naɗin barde domin yana bin tsarin tarihi. Wannan ya fi daidai ga mai binciken harshe, amma ga mai son rubuta rahoto yau, tsarin Oxford na fara kawo ma'anar da aka fi amfani da ita ya fi sauri.

Da muka koma kan "name" sai muka ci karo da wani abu na tsarin shafin da ke ɓatar da mutane. Kalmar suna ce kuma aikatau ce, kowanne da shafinsa, kuma na sunan ne ke fara buɗewa. Sai ka duba akwatin sauran sakamako ka zaɓi aikatau. Mutum zai iya karanta shafi guda cur yana neman tsarin jimla a inda babu shi. Da ka isa shafin da ya dace kuwa, aikin da aka yi a nan ya fi na "dub" cika nesa ba kusa ba, domin kalmar ta fi rassa.

Reshe na farko shi ne raɗa suna, tsarinsa irin na "dub" ne: "They named the ship Endurance." Idan an ɗauko sunan daga wani, sai "after" ta shigo: "Tasmania is named after Abel Tasman." Amurkawa kan ce "named for" a wannan wuri, ƙamus ɗin kuma ya nuna haka da alamar yanki, abin da ke hana ɗalibi ɗaukar "The city was named for George Washington" a matsayin kuskure, ko ya fassara ta da cewa an yi wa Washington suna ne. Reshe na biyu shi ne inda "as" ke da halalcin zama, kuma a nan ma'anar ta bar raɗa suna gaba ɗaya. "Police named the driver as John Smith" na nufin 'yan sanda sun bayyana ko wane ne direban. Sunansa ne tun da can, su dai sun faɗa wa duniya. Ka cire "as" ɗin, jimlar ta koma cewa 'yan sanda ne suka raɗa masa suna. Reshe na uku naɗi ne: "She was named captain" ko "named as captain", duka biyun suna tafiya. Kalma ɗaya, tsari uku, kuma ƙaramar "as" ce ke juya akalar. Oxford ya jera kowane reshe da layinsa da misalansa, kuma a irin wannan shafi ne ake ganin amfanin abin da Hornby ya kafa.

"Call" ita ce uwar gida, ta shiga ko'ina, kuma idan ka rasa wadda za ka ɗauka ita ce ba ta cika kunyata mutum ba. Shafinta dogo ne, amma an sa kanun ma'ana a kan kowane sashe, don haka ido na iya gudu ya tsaya a inda ake maganar suna ba tare da ya bi ta kiran waya da kiran taro ba. Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Ɗaya shi ne "as" da muka ambata. Ɗayan shi ne tambaya: muna cewa yaya ake kiran wannan, sai a juya ta kai tsaye zuwa "How do you call this?" Turanci "what" yake so: "What do you call this?" ko "What is it called?" Akwai kuma wani tarko da ƙaramar "a" ke haƙawa. "They called him Doctor" na nufin da wannan laƙabi suke kiransa. "They called him a doctor" tana iya nufin sun ce shi likita ne, tana kuma iya nufin sun kirawo masa likita. Tsari biyu ne suka haɗu a siffa ɗaya, ƙamus ɗin ya kawo kowanne a ƙarƙashin ma'anarsa, amma bai haɗa su wuri guda ya nuna maka karon ba. Kai ne za ka lura.

Wannan ya kai mu ga babban abin da ƙamus mai bin haruffa ba ya iya yi da kyau, wato jera dangi a tabarma ɗaya. Mai rubutu ba ya zuwa da tambayar mene ne "dub". Yakan zo da jimla a hannu yana neman wadda ta dace cikin kalmomi bakwai ko takwas, kuma sai ya buɗe shafi bakwai ko takwas kafin ya gane. Ga abin da zai tarar idan ya yi haƙurin buɗewa. Waɗanda ba sa ɗaukar "as" wajen ba da suna su ne "call", "name", "dub", "nickname" da "christen". Waɗanda ba sa tafiya sai da ita su ne "describe", "refer to" da "know": "known as", "referred to as", "described as". A nan cire "as" ne kuskuren, kuma daga waɗannan ne take yaɗuwa zuwa inda ba a gayyace ta ba. Sai na tsakiya da ke karɓar duka biyun, "label", "brand", "designate" da "term".

Ta fuskar ma'ana ma kowacce da inda ta fi ƙarfi. "Label" da "brand" hukunci ne, yawanci marar daɗi kuma sau da yawa na rashin adalci: "He was branded a traitor." Ba laƙabi aka ba shi da za a riƙa kiransa da shi ba, tambari aka buga masa. "Term" ta masana ce, ana amfani da ita idan ana sa wa wani yanayi ko cuta ko tsari sunan fasaha. "Christen" asalinta sunan da ake ba jariri a coci wajen baftisma, ta kuma yaɗu zuwa jiragen ruwa da sabbin abubuwa. Harafin t ɗinta ba a furta shi, wani wurin da maɓallin sauraro ke ceton mutum. "Nickname" ta fi "dub" kusanci da gida da abokai da filin wasa. "Designate" ta hukuma ce, ana ayyana wuri ko mutum a wani matsayi. "Entitle" ta littafi da waƙa da maƙala ce, sai dai tana da wata ma'ana ta ba da haƙƙi wadda ta fi yawa, shi ya sa editoci da dama, musamman a Amurka, suka fi son "titled". "Rename" kuwa canjin suna ne na hukuma, kamar yadda Swaziland ta koma Eswatini a 2018, ko hasumiyar agogon majalisar Birtaniya ta koma Elizabeth Tower a 2012. A rubutu ma akwai bambancin yanki: "labelled" da l biyu a Birtaniya, "labeled" da ɗaya a Amurka, kuma akwatin siffofin aikatau ya nuna duka.

Duk waɗannan bayanai suna cikin Oxford, ko kusan duka, amma a warwatse. Yana da akwatunan kwatanta kalmomi masu kusancin ma'ana a wasu shafuka, kuma inda suke suna da kyau matuƙa. Dangin kalmomin ba da suna na cikin waɗanda suka fi cancantar irin wannan kulawa, domin bambancinsu na nahawu ne da na ma'ana a lokaci guda.

Game da shafin kansa, yana buɗewa da sauri a waya, neman "dubbed" ko "dubbing" yana kai ka ga asalin kalmar, kuma ba sai ka yi rajista ba kafin ka ga ma'ana da furuci da misalai. Tallace-tallace ne cikas ɗinsa. A ƙaramin allo sukan shiga tsakanin sassan bayani, sai mutum ya ɗauka shafin ya ƙare alhali akwai sauran ma'anoni da akwatin asalin kalma a ƙasa. Ka riƙa gangarawa har ƙarshe. Sannan bayanin duk da Turanci yake, don haka wanda bai kai matsakaicin mataki ba zai buƙaci ƙamus mai harshe biyu a gefe. Ga ɗalibin babbar sakandare zuwa jami'a, da ɗan jarida, da mai fassara, da malamin Turanci, muna ganin shi ne ya kamata ya zama na farkon buɗewa, Collins na biye da shi.

Yadda za ka ci moriyarsa a kan kowane aikatau na wannan dangi bai wuce 'yan matakai ba. Ka tabbatar shafin aikatau ka buɗe, ba na suna ba. Ka saurari siffar da ta shuɗe. Ka karanta layin tsari kafin ma'ana, ka ƙirga abin da ke cikinsa: akwai "as" ko babu, idan akwai, a cikin baka take ko a waje, domin abin da Oxford ya sa cikin baka na ganin dama ne, abin da ke waje wajibi ne. Sannan ka ɗauki misali guda daga shafin ka cire kalmominsa ka zuba naka a gurabensu ba tare da ka taɓa ginin ba. Kafin ka sa "dub" a jimlar taka, ka yi wa sunan tambaya uku: wa ya bayar da shi, mai abin ko mutanen waje? Yana cikin takardun hukuma? Yana siffanta abin ko kuwa suna ne kawai? Idan mutanen waje ne, ba ya cikin takarda, kuma yana siffantawa, "dub" ta zauna. Idan ɗaya ya faɗi, ka koma "call" ko "name".

Wani abu da ke da alaƙa da wannan, wanda ya kamata ka duba tun kana shafin "call", shi ne "so-called". Masu koyo kan ɗauke ta a matsayin "wanda ake kira" kawai, su rubuta "the so-called Professor Adams" da nufin girmamawa. Oxford ya kawo mata ma'ana biyu, ɗaya ta gabatar da kalmar da mutane suka saba kiran abu da ita, ɗayar ta nuna cewa mai magana bai yarda sunan ya dace ba. A gaban muƙamin mutum, ta biyun ce mai karatu zai ji, wato kana cewa farfesan bogi ne. Idan nufinka ka ce da wannan suna aka san shi, "known as" za ka rubuta.